Gyaran Da Filimon Ya Riƙe a Gida

Akwai wani mutum mai suna Filimon, sana'arsa rubuta manhaja, wato shi ne yake tsara wa kwamfuta da waya umarnin da za su bi su yi aiki. Yana zaune a birni da matarsa, yana cin guminsa, ba mai kuka da shi. Mahaifiyarsa kuwa tana ƙauye a gindin duwatsu, inda aka haife shi. Mutanen wurin suna da yarensu, ƙaramin yare, wanda in ka yi nisa kaɗan da duwatsun ba za ka ƙara jin mai yinsa ba. Tsohuwar tana jin Hausar kasuwa da ta sujada, amma in magana ta kai zuci, da yarenta take yin ta.

Da shekaru suka ja, sai yanar ido ta rufe mata gani. Tana gane dare da rana, tana gane ƙofar ɗakinta, amma wayar da Filimon ya saya mata ta gagare ta, gama ba ta ganin inda za ta taɓa. Abin da ya fi damunta shi ne 'yarta Fibi, yayar Filimon, wadda take aure a can kudu, nesa ƙwarai. Dā kullum sai sun yi hira. Yanzu in tana so ta ji muryar 'yarta, sai ta bi katanga da lalube zuwa gidan maƙwabciyarta, Mama Talatu, ta danna mata. Mama Talatu mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sai dai Ubangiji ya ba ta kunne mai kyau, ya kuma ba ta baki mai lafiya, tana kuwa aiki da su duka biyu. Abin da aka faɗa a waya da safe, kafin la'asar ya isa bakin rijiya.

Filimon ya ji tausayin mahaifiyarsa. Ya ce a ransa, "Zan koya wa wayar nan jin yarenmu. Mama ta yi mata magana da baki, ita kuwa ta yi biyayya."

To, akwai wani rumbu da masu binciken harsuna da masu rubuta manhaja na ƙasashe da yawa suka haɗu suka gina a intanet. Abin da ake zubawa a ciki shi ne muryoyin mutane da aka naɗa, da rubuce-rubuce, da ƙamus, da kayan aikin da ake koya wa na'ura jin magana da su. Rumbun ba shi da kwaɗo. Kowa ya zo sai ya kwafi abin da yake bukata ya tafi, na ciki kuwa ba ya raguwa. Al'ada guda ce kawai suke da ita. Duk wanda ya ɗauka, ya ga wurin da ya lalace ya gyara, ko ya ga gurbi ya cike, sai ya mayar da gyaran ga masu kula da rumbun, su duba, su haɗa shi da na kowa. Ba dole ba ne, ba kuma mai bin ka gida ya tambaya.

Filimon ya shiga rumbun ya duba, sai ga yarensu a ciki. Ya yi murna ƙwarai, har ya kira matarsa ta zo ta gani. Ashe wasu ɗaliban jami'a 'yan yankinsu sun taɓa ba da muryoyinsu. Ya kwafi kayan, ya harhaɗa, ya gwada da bakinsa, waya ta ji shi sarai. Amma da ya kai wa mahaifiyarsa ta yi magana, sai waya ta yi shiru. Ta sake, waya ta kira mai gyaran babur.

Nan ya gane inda matsalar take. Ɗaliban nan yaren birni suke yi, da sauri, rabi da Hausa. Tsofaffin ƙauye kuwa suna jan magana, haƙora sun zube, suna kuma da kalmomin da ɗalibai ba su taɓa ji ba. Na'urar ba ta taɓa jin tsohuwa ba, don haka ba ta san ta ba.

Sai ya ɗauki hutu ya zauna a ƙauye. Ran da zumuntar matan ikkilisiya suka tashi daga taro, ya durƙusa ya gaishe su, ya roƙe su su yi masa magana ya naɗa.

Suka ce, "Ɗan nan, me za mu ce?"

Ya ce, "Iyayena, ku faɗi duk abin da ya zo bakinku."

Ba a roƙon waɗannan mata magana sau biyu. Wata ta faɗi yadda ake casar acca, wata ta lissafa sunayen duwatsu da rafuffuka, wata ta rera waƙar da ake yi wa jariri. Mama Talatu ma ta ba da nata, ta fi kowa yawa, galibi kuwa labarin mutane ne. Filimon ya koma birni da muryoyin, ya koya wa na'ura, ya lanƙwasa kayan rumbun nan da can har suka yi daidai da bakin tsofaffi. Da ya komo ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar, ta ce da yarenta, "Kira mini Fibi." Waya ta kira Fibi. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta sa masa albarka, ta daina bin katanga.

Da ya dawo gida, matarsa ta ce masa, "Ka mayar wa masu rumbun abin da ka gyara?"

Ya ce, "Ba yanzu ba. Bari in tsabtace shi tukuna."

Kada a ɗora wa Filimon laifin da bai yi ba. Shi ba marowaci ba ne, da wani ya zo har gida ya roƙa, da ya ba shi da hannu biyu. Kunya ce ta kama shi. Ya san yadda ya yi aikin, cikin gaggawa, faci a kan faci, kamar rufin ɗakin da aka tare da duk abin da hannu ya samu. Bai rubuta bayanin kome ba. Muryoyin da ya naɗa ma, a bayan wannan zakara yana cara, a bayan waccan ana daka, a wata kuma akuya ta sa baki. Masu kula da rumbun kuwa manyan masana ne. Ya ga kamar za su buɗe aikinsa su kira juna su zo su sha dariya. Ya ce sai ya sami sarari ya goge shi tas, ya yi masa bayani mai kyau, sa'an nan ya kai da kansa a ɗage. Kowa a cikinmu ya san irin wannan sararin, ba ya zuwa.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Wayar tsohuwa tana aiki, Filimon ya shiga wasu ayyuka, ya manta. Amma rumbun bai tsaya jiransa ba. Mutane suna ta kawowa, ana ta gyarawa, har masu kula da shi suka sake tsarin kayan aikin tun daga tushe, domin su dace da sababbin wayoyi. Duk gyaran da aka taɓa mayar musu, suka ɗauke shi suka shigar a sabon tsarin. Wanda ba a kawo ba, ba su san da shi ba. Kwafin Filimon yana gida yadda ya bar shi.

Ana nan sai Fibi ta yi ciki, bayan shekaru tana jira tana addu'a. Cikin ya zo mata da wahala, ga tsoro, ga nisa da gida. Kullum sai ta yi doguwar hira da mahaifiyarta, irin maganar da mace ba ta yi da kowa sai wadda ta haife ta. Tsohuwa ta ji, ta kwantar mata da hankali, ta gaya mata wanne ne na haƙuri, wanne ne kuma na tashi a tafi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

A tsakiyar wannan ne wayar ta mutu. Ta tsufa, batirinta ya kumbura, mai gyara ya ce ba ta tashi. Filimon bai damu ba, ya sayi sabuwa, ya zauna zai zuba mata manhajarsa. Sabuwar waya ta ƙi karɓa. Ya koma rumbu ya kwafo sababbin kayan, suka shiga wayar lafiya, amma babu ko ɗaya daga cikin gyaransa a cikinsu. Ya ɗauko tsohon gyaran zai ɗora a kan sabon tsarin, ya ga ko kusa ba su haɗu ba. Abin da ya lanƙwasa dā, yanzu ma babu shi a wurin. Haka ya aika wa mahaifiyarsa wayar da take jin ɗalibai, ba ta jin tsohuwa.

Tsohuwa ta koma bin katanga. Mama Talatu ta karɓe ta da murna, ta danna mata, ta gyara zama kusa. Fibi kuwa ta san wanda yake zaune a gefen, don haka duk abin da aka tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, Mama."

Wata rana tsohuwar ta sa aka kira mata Filimon. Shi ne ɗanta na ƙarshe, da Auta take kiransa. Ta ce, "Auta, yayarka tana ta ce mini lafiya lau. Ni na haife ta, na san muryarta in lafiya lau ce." Ba ta ƙara kome ba, gama akwai mai ji.

Maganar ta soki Filimon. Ya duƙufa zai sake aikin daga farko shi kaɗai, yana yi bayan ya tashi daga wurin aiki. Amma sabon tsarin baƙo ne a gare shi, in ya toshe nan sai can ta ɓalle. Ya duba abin da ya rage, ya duba watannin Fibi, ya ga za ta haihu bai kai rabi ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka kai musu haka nan. In sun yi dariya, ai ba a jikinka za ta tsaya ba. Yaya Fibi tana can ba ta da wanda za ta gaya wa abin da yake damunta."

Sai Filimon ya haɗiye kunyarsa. Ya rubuta wa masu kula da rumbun, ya gaya musu abin da ya yi da abin da ya same shi, ya aika da gyaran yadda yake, da facinsa da kome. Ya cika saƙon da ban haƙuri.

Wata mata daga cikin masu kula, wadda take wata ƙasa mai nisa, ba ta taɓa ganin duwatsunsu ba, ita ce ta amsa. Ta ce, "Mun gode. Ba wanda ya taɓa kawo mana aiki a goge, duk a nan ake goge shi. Mun daɗe muna neman muryoyin tsofaffi ba mu samu ba. Zakaran ma kada ka cire shi, gama a gidajen da za a yi aiki da wannan abu akwai zakaru, gara na'ura ta saba. Sai dai abu guda. Gyaran naka ne, amma muryoyin na masu su ne. Kada ka aiko mana da ko ɗaya sai mai ita ta san inda za ta, ta kuma yarda."

Filimon ya karanta, ya sake karantawa yana neman inda dariyar take, bai samu ba.

Ya tashi ya tafi ƙauye. Ya bi matan nan gida gida, yana kunna wa kowace abin da ta faɗa, yana bayyana mata cewa in ta yarda, muryarta za ta shiga rumbun da kowa a duniya yake iya ɗiba, ba a kuma iya kiranta ta dawo. Mahaifiyarsa ta ce, "Ashe ba ka kai ba tun wancan lokaci? Mu da muka zauna muna ta zuba, mun ɗauka jikokinmu na birni muke yi wa."

Yawancinsu suka yarda. Wata ta ce ita ba ta so, bai matsa mata ba, ya goge nata a gabanta. Wadda ta rera waƙar jariri kuwa ta riga ta rasu. 'Ya'yanta suka taru suka saurari muryar uwarsu, suka yi kuka, suka ce a kai, a kuma bar musu nasu kwafin.

Da aka zo kan Mama Talatu, ta zauna tana jin kanta tana ba da labarin surukar wance da bashin wane. Tun ba a yi nisa ba ta ɗaga hannu ta ce, "Kashe, kashe! Wannan duniya za ta ji? Ɗan nan, ka rufa mini asiri." Ya goge. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ba da sabo a kan yadda ake daddawa, tun daga tsinkar ɗorawa har zuwa shanya. Masu rumbun suka ce ba su da irinsa.

Da muryoyin suka isa, sai hannuwa suka yi yawa a kan aikin. Wani mutum a wata ƙasa, wanda mahaifinsa ma waya ba ta jin maganarsa, ya san sabon tsarin ciki da waje, ya kama ya haɗa gyaran Filimon da shi. Wata ta ga kuskuren da Filimon bai taɓa lura da shi ba, ta nuna masa. Matar nan mai kula ta yi ta dawo masa da aikin tana cewa gyara nan, bayyana can. Ya gyara, ya bayyana, bai mutu ba. Abin da zai ci masa watanni shi kaɗai ya ƙare cikin 'yan makonni, aka haɗa shi da na kowa.

Filimon ya karɓo wayar, ya zuba mata sabon aikin, ya kai wa mahaifiyarsa da kansa. Ta riƙe ta kusa da baki ta ce, "Kira mini Fibi." Waya ta kira. Da muryar Fibi ta fito, tsohuwa ta juya wajen da take jin numfashin ɗanta ta ce, "Auta, fita waje, ka ja mini ƙofa."

Ya fita ya zauna a kan turmi. Hirar ta yi tsawo, ba ya jin kome sai gunaguni ta bayan ƙofa, ransa kuwa fari ƙal. Can sai ga Mama Talatu ta leƙo, ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Me suke cewa?"

Ya ce, "Ban sani ba, Mama."

Da lokaci ya yi, Fibi ta sauka lafiya. Tun daga nan kuma, duk sa'ad da aka sabunta rumbun, gyaran nan yana tafiya tare da shi, ko Filimon yana nan ko ba ya nan.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Rumbun nan shi ne dukan alherin da Ubangiji ya tanada mana ta hannun waɗansu, muka zo muka tarar, ba mu biya kome ba. Harshen da muke magana da shi ma haka yake, a bakin iyayenmu muka ɗiba kyauta. Filimon shi ne kowane ɗayanmu da aka ba baiwa, ya ɗiba daga na jama'a ya yi abin kirki da shi. Gyaran da ya riƙe a gida shi ne alherin da muke ɓoyewa muna cewa bai isa a gani ba tukuna. Wani yana da murya, ya ƙi shiga mawaƙa sai ya ƙware. Wata ta san yadda ake ta'azantar da mai makoki, tana jira sai ta iya tsara magana. Muna kiran wannan tawali'u, amma in muka duba da kyau, sunanmu muke karewa. Filimon yana tsoron dariyar baƙi, wadda ta sha wahalar kuwa yayarsa ce.

Ku lura kuma, abin da ya riƙe bai zauna lafiya yana jiransa ba. Ya tsufa a hannunsa har ya daina amfanar gidansu. Sai da ya bayar ne ya sami masu riƙe masa. Haka baiwa take a cikin ikkilisiya. Matar nan mai kula da rumbu tana tuna mana yadda Ubangiji yake karɓarmu. Ba ya cewa mu je mu gyaru sa'an nan mu zo. Yana karɓarmu da facinmu, ya sa mu cikin 'yan'uwa waɗanda za su ce mana gyara nan, bayyana can. Wanda aka yi wa gyara kada ya yi fushi, alama ce an karɓi aikinsa. Ta kuma koya mana cewa ba a yin kyauta da abin wani. Ko don aikin kirki ne, sai ka tambayi mai abu, in ya ce a'a, ka girmama a'arsa.

Ku matasa da Allah ya buɗe wa ido a kan kwamfuta, wannan magana taku ce musamman. Irin waɗannan rumbuna suna nan, ku ɗiba, don haka aka gina su. Amma in kun duba kuka ga yarenku babu, ko yana nan amma bai san bakin kakarku ba, kada ku tsaya kuna cewa an manta da mu. Waɗanda suka gina ba su san hanyar ƙauyenku ba, ku ne kuka sani. Kuskure guda da ka gani ka faɗa musu, aiki ne. Bayani guda da ka rubuta domin na bayanka, aiki ne. Kada ka jira sai ka zama masani.

Yau in an tashi sujada, kada ku yi ta sauri zuwa waje kuna duba waya. Ku dubi bencin baya. Akwai iyaye a zaune a can waɗanda suke riƙe da kalmomin da ba a taɓa rubutawa ko naɗawa ba, ba kuwa kullum za mu riƙa samunsu a wannan benci ba. Ku je ku durƙusa ku gaishe su da yarensu, ko da bakinku ya karkace. Za su yi muku dariya, sa'an nan su gyara muku. Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa tun abin yana hannunmu. Amin.